Sauya Tsarin Sitiyari a Motocin Shiga Daji: Lacca ga Makanikai da Masu Motoci a Tamale



 

Batun da aka ɗora wa mai wannan lacca shi ne sauya tsarin sitiyari a motocin da ake yi wa ƙari da ragi domin su iya bin hanyoyin da kwalta ba ta kai ba, wato waɗanda ake ɗaga musu jiki, ko a sa musu manyan tayoyi, ko a mayar musu da sitiyari daga dama zuwa hagu, ko ma a haɗa su ɗungurungum daga sassan motoci daban-daban. Abin da laccar za ta tsaya a kansa guda ɗaya ne: a cikin manyan kayan da ke jikin mota, sitiyari ba shi da mataimaki idan ya gaza, saboda haka sauya shi aiki ne na awo da lissafi da sanin halin ƙarfe, kuma ƙwarewar hannu, komai yawanta, ba ta wadatarwa sai an haɗa ta da waɗannan ukun.

Na farko: dalilin da ya sa ake taɓa sitiyari a arewacin Ghana

Duk wanda ya san yankin nan ya san cewa ba don ado ake yi wa mota irin wannan aiki ba. Damina a nan ɗaya ce a shekara, tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a cikin waɗannan watanni hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyuka da manyan tituna kan koma laka da ramuka. Idan kuma aka saki ruwan madatsar Bagre da ke Burkina Faso, kamar yadda akan yi wajen Agusta ko Satumba, kogin Farin Volta kan cika ya batse, garuruwa irin su Yagaba da Kubori su zama sai da ƙyar ake isa gare su. Da rani hanya kan bushe ta yi gargada, ƙurar hunturu kuma ta shiga kowace kafa ta jikin mota. Motar asibiti da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye, da wadda za ta kwaso doya ko masara ko kaɗanya daga gona, da wadda ke zagayawa da baƙi a gandun dajin Mole kusa da Larabanga, duk suna bukatar tsayi daga ƙasa da taya mai kama laka. An sami ci gaba, babu shakka, kamar titin Fufulso zuwa Sawla da aka kammala a 2015, amma gonaki da ƙauyuka da yawa suna can nesa da inda kwalta ta tsaya.

Haka kuma sake fasalin mota sana'a ce mai tarihi a ƙasar nan. Magazin ɗin Suame da ke Kumasi yana cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka ta Yamma, kuma mastocin Tamale da dama can suka yi koyo, ko kuma masu koya musu ne suka yi. A can ne a 2013 makanikai, tare da haɗin gwiwar wasu 'yan ƙasar Holan, suka haɗa motar da aka kira SMATI Turtle daga tsofaffin sassa, da nufin ta dace da hanyoyin karkara. A nan Tamale ma an buɗe cibiyar horar da masu sana'ar ƙarfe ta ITTU a 1988, ƙarƙashin shirin GRATIS da aka kafa a 1987. Saboda haka wannan lacca ba ta zo ta ce a daina ba, domin bukata ce ta haifi aikin, kuma bukatar tana nan. Tambayar ita ce: yaya za a yi shi ba tare da an sa rayukan mutane a cikin haɗari ba?

Na biyu: yadda sitiyari ke aiki, da dalilin da ya sa ba shi da mataimaki

Tsari iri biyu ne aka fi gani a motocin da ke shiga daji. Na farko shi ne mai akwati, wanda ake samu a Toyota Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da tsofaffin Nissan Patrol da Land Rover Defender da manyan motocin kaya. A wannan tsari, juyin da direba ya yi yana bin sandar sitiyari zuwa wani akwatin giya da aka ɗaure a jikin shasi, wato ƙashin bayan mota. Akwatin yana rage saurin juyin ya ƙara masa ƙarfi, sannan ya motsa wani gajeren hannu na ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, hannun ya ja wata doguwar sanda, a kira ta sandar ja, wadda ke karkata taya ɗaya, sai tayarod, wato sandar da ta haɗa tayoyin gaba biyu, ta sa ɗayar ta bi. Tsari na biyu shi ne rak, wanda ke cikin ƙananan motoci da Hilux na zamani, inda ƙaramin giya mai haƙora ke tura wata miƙaƙƙiyar sanda mai haƙora zuwa hagu ko dama, ita kuma ta tura tayoyin kai tsaye. Rak ya fi sauƙi da kaifin amsawa, akwati kuma ya fi jure duka, shi ya sa aka bar shi a motocin da aksul ɗinsu na gaba ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya.

A nan ya kamata masu sauraro su lura da wani abu. Birkin motar zamani yana da layin mai guda biyu, idan ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe, bayan haka kuma ga birkin hannu. Fitila biyu ce. Inji idan ya mutu, mota tsayawa take yi. Amma daga hannun direba zuwa taya hanya ɗaya ce tak, kuma kowace gaɓa a cikinta idan ta balle, babu abin da zai karɓi aikinta. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa ɗaya, kafin direba ma ya gane abin da ya faru ta riga ta bar hanya. Wane direba ne, komai gwanintarsa, zai iya juya motar da sitiyarinta ya rabu da tayoyinta?

Na uku: abin da ke faruwa idan an ɗaga mota ko an sa mata manyan tayoyi

Wannan shi ne sashen da ya fi bukatar natsuwa, domin kuskuren da ake yi a nan ba ya bayyana a gareji, sai a kan hanya. Mai mota kan zo ya ce a ƙara masa tsayi, a sa dogayen sifirin ko a ƙara ganye, a yi aikin cikin yini ɗaya, mota ta fito da kwarjini. Abin da ba a gani shi ne cewa akwatin sitiyari yana jikin shasi ne, ya tashi sama tare da shi, alhali tayoyi da aksul suna nan ƙasa inda suke. Sandar ja da a dā take kusan kwance yanzu ta yi gangare. Duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, aksul yana hawa yana sauka, ƙarshen sandar kuma yana bin da'ira, kuma gwargwadon gangarenta gwargwadon yadda take jan taya gefe a kowane motsi. Sakamakon haka mota na karkata da kanta a kan gargada ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Direbobi kan ce motar tana yawo, ko tana fizga, sau da yawa kuma a ɗora laifin a kan taya ko shokozoba.

A motocin da ke da sifirin mai naɗi a gaba, kamar Land Cruiser 78 da 79 daga 1999, akwai wata sanda da ke kwance daga shasi zuwa aksul domin hana shi zamewa gefe, ana kiran ta sandar Panhard, da sunan kamfanin Faransa da ya fito da ita. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce wannan sanda da sandar ja su kasance kusan tsawo ɗaya kuma su yi gangare iri ɗaya, domin idan aksul ya motsa su bi da'ira ɗaya, motsin ɗaya ya shafe na ɗaya. Wanda ya sa hannun akwati mai tsawo zuwa ƙasa domin gyara gangaren sandar ja, amma ya bar mazaunin sandar Panhard inda yake, ya raba su ke nan, kuma motar za ta fi yawo fiye da kafin ya taɓa ta. Ana gyara su tare, ko a bar su tare.

Abu na biyu shi ne kasta, wato jinginar da layin da taya ke juyawa a kansa ya yi zuwa baya idan aka dube shi daga gefe. Mutumin Tamale, garin kekuna da babura, ba ya bukatar dogon bayani a nan: ƙafar gaban keke ba a tsaye take cak ba, ta jingina baya, kuma wannan jingina ce ke sa keke ya miƙe da kansa har yaro ya saki hannu yana tafiya. Haka kasta take a mota, ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya bayan an sha kwana, ita ke sa mota ta riƙe layinta a kan gudu. A irin waɗannan motoci 'yan digiri kaɗan ce. To, aksul mai sifirin naɗi yana riƙe ne da dogayen hannuwa biyu da ke komawa baya zuwa shasi, kuma idan aka ɗaga mota, hannuwan na yin gangare su mirgina aksul ɗin gaba. Lissafin ba shi da wuya: hannu mai tsawon mita 1, idan aka sauke ƙarshensa da santimita 5, ya juya da kusan digiri 3. Ke nan ɗagawar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba tana iya cinye mafi yawan kastar da kamfani ya ba motar. Akwai bushin na musamman da faranti na ƙarfe da aka yi domin mayar da wannan kusurwa, a motoci masu sifirin ganye kuma akwai 'yan ƙarafa masu siffar tsinin gatari da ake sawa tsakanin sifirin da aksul. Sau nawa ake auna kasta bayan an ɗaga mota a garejojin nan? Wannan tambaya ce da kowane masta zai amsa wa kansa.

Abu na uku shi ne taya da rim. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi faɗi, kuma duk dutsen da ta doka yana aika ƙarfi mai yawa zuwa tayarod da bolojoyin da akwati fiye da wanda aka ƙera su domin ɗauka. Idan tayar ta fara gogar jiki, akan sa mata faifan ƙarfe tsakanin rim da hob domin a turo ta waje, ko a sayo rim mai fitowa. Yin haka yana nisanta tsakiyar tayar daga wurin da layin juyawarta ya taɓa ƙasa, wannan tazara kuwa ita ce hannun da hanya ke kamawa ta murɗe sitiyari da shi. Gwargwadon tsawonta gwargwadon yadda rami zai fizge sitiyari daga hannun direba, da yadda mota za ta ja gefe idan taya ɗaya tana kan yashi ɗaya a kan tsandauri lokacin taka birki, da kuma saurin cinyewar boris.

Akwai kuma ƙa'idar da ake jingina wa Rudolph Ackermann, wanda ya yi mata rajista a Ingila a 1818, ko da yake wani maƙerin keken doki na Munich mai suna Georg Lankensperger ne ya ƙirƙiro ta: a kwana, tayar ciki dole ta karkata fiye da ta waje domin da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Masu ƙara tsawon shasi domin motar kasuwa ta ɗauki kaya da yawa, da masu ɗauko aksul na wata mota su sa wa wata, suna ɓata wannan daidaito. Illarsa ba ta kai ta sauran ba, amma tana cin taya, tana kuma faɗaɗa kwana.

Idan waɗannan matsaloli suka haɗu da bushin da ya saki ko bolojoyin da ya yi wasa, sai a sami wata jijjiga mai tsanani inda gaban mota ke karkarwa hagu da dama bayan an doki rami a kan gudu, ba ta kuma tsayawa sai an rage gudu ƙwarai. Abin da akan yi shi ne a ƙara wa sitiyari shokozoba mai ƙarfi, wani lokaci har biyu. Mai wannan lacca yana ganin wannan a matsayin ɗaya daga cikin gyare-gyare mafi haɗari, domin yana danne alamar ne kawai, gaɓar da ta saki tana ci gaba da cinyewa, direba kuma ya daina jin gargaɗin da ya kamata ya mayar da shi gareji. Kada kuma a manta cewa mota mai tsayi, musamman idan an ɗora mata kaya ko kujeru a rufi, nauyinta ya koma sama, kuma fizga ɗaya da a dā za ta girgiza ta kawai yanzu tana iya kifar da ita.

Na huɗu: mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu

Dattawan da ke wannan zaure za su tuna lokacin da ake tuƙi ta hannun hagu a ƙasar nan, gadon mulkin Ingila. Nijeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana kuma ta bi ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin Kanar Ignatius Kutu Acheampong, kuma babban dalili shi ne maƙwabta, wato Togo da Kwaddibuwa da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, duk ta dama suke tuƙi. Tun daga nan motar da ta dace da titin Ghana ita ce mai sitiyari a hagu, kuma dokar kwastan ta 2015 ta hana shigo da mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Amma Japan da Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu suna tuƙi ta hagu har yau, motocinsu na hannu kuwa suna da kyau da araha, shi ya sa sana'ar juya sitiyari ta samu kasuwa.

A nan dole a bambanta abu biyu. Akwai motar da kamfani ya ƙera ta iri biyu tun asali, kamar Land Cruiser da Hilux da Patrol. Irin wannan, idan aka samo akwati ko rak na hagu na ainihi, da sandarsa, da mazaunin birki da kuloci, da dashbod da wayoyinsa, aka ɗaura kowanne a inda kamfani ya tanada, aikin yana iya fita lafiya. Ko a nan ma akwai abin lura: mazaunin akwati a ɓangaren hagu na shasi yana bukatar ƙarfafawa da 'yan bututun ƙarfe a ciki, waɗanda ƙusoshi ke ratsawa, domin kada shasin ya lotse idan an ɗaure, sandar Panhard ma dole a duba ta dace da sabon gangaren sandar ja. Akwai kuma motar da aka ƙera domin kasuwar masu sitiyari a dama kawai, kamar Toyota Voxy da yanzu ta yawaita a titunan ƙasar nan. Irin wannan babu kayan hagu na kamfani da aka yi mata, saboda haka dole mai aikin ya aro na wata mota, ya yanka, ya huda, ya haɗa. Rak ɗin aro idan tsawonsa ya bambanta da na asali, ko aka ɗaura shi sama ko ƙasa da inda ya kamata ko da 'yan milimita ne, tayoyi za su riƙa buɗewa suna rufewa duk lokacin da sifirin ya motsa.

Mafi muni shi ne barin akwati a dama a kuma miƙa masa juyi daga hagu ta hanyar sarƙa da ke ɓoye a bayan dashbod. Sarƙa tana miƙewa, tana yin wasa, tana iya tsallake haƙori ko ta tsinke, kuma tana wurin da ba mai ganin ta. Shin akwai mai motar da zai yarda a ɗora iyalinsa a kan abin da ba wanda zai iya dubawa sai an kwance rabin motar?

Ba sitiyari kaɗai ke da hannu ba. Fitilun gaba an yi su ne su haska gefen hanya fiye da tsakiya, na motar Japan kuwa suna ɗaga haske zuwa hagu, wato a titin Ghana cikin idon mai tahowa. Waifa tana share ɓangaren da kamfani ya san direba zai zauna. Bututun birki da aka ƙara wa tsawo dole su zama na birki na ainihi, masu bakin da aka naɗa da na'urar da ta dace. Sandar sitiyari kuma, tun wajen ƙarshen shekarun 1960, ana yin ta yadda za ta lanƙwashe ta shige cikin kanta idan an yi karo, domin kada ta soki ƙirjin direba. Wanda ya yi mata walda ta zama sanda ɗaya ya cire wannan kariya ke nan.

Na biyar: halin ƙarfe da iyakar walda

Masu waldar garin nan gwanaye ne, kuma maganar da za ta biyo baya ba raini ba ce ga sana'arsu. Hannun akwati, da hannun da ke jikin hob, da kan tayarod, da sandar cikin rak, ba irin ƙarfen ƙofa ko na tankin ruwa ba ne. An buga su da zafi a cikin ma'auni, sannan aka yi musu dahuwa da sanyayawa a bisa lissafi domin su yi ƙarfi ba tare da sun yi gautsi ba. Wutar walda tana rushe wannan dahuwa. Waldar kanta tana iya riƙewa, amma ƙarfen da ke dab da ita, wanda ya yi zafi ya huce da sauri, yakan yi tauri mai gautsi, kuma a nan ne tsaga ke farawa. Tsagar ba ta karya ƙarfe ran da aka yi aikin. Tana tafiya ne kaɗan-kaɗan da kowace girgiza, hanyar gargada kuwa tana girgiza mota dubban lokuta a tafiya ɗaya, har ranar da abin da ya rage bai isa ɗaukar nauyi ba, ya balle lokaci guda. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Haka hukuncin yake ga gasa tayarod da ta lanƙwashe domin a miƙe ta, ko gasa hannun akwati domin a sauya masa siffa. Abin da ya lanƙwashe a sitiyari canja shi ake yi. Inda walda ta halatta shi ne a mazaunai da farantan ƙarfafa shasi, bisa sharaɗin a yi ta da tsabta a kan ƙarfen da aka san irinsa.

Ƙusoshi ma suna da daraja, an kuma rubuta ta a kansu: 8.8 ko 10.9, kuma wadda ba ta da lamba ba ta da gurbi a sitiyari. Kan bolojoyin yana da tsini da aka yi daidai da raminsa, idan aka sa na wata mota da tsininsa bai dace ba, zai yi kamar ya ɗauru amma yana zaune ne a kan baki kawai. Noti mai tsaga yana bukatar fil ɗinsa, ba guntun waya ko ƙusar kafinta ba. Kayan homyus, wato na hannu, da ake kawowa daga Suame ko Abossey Okai a Accra da yawansu sun fi sababbin jabu inganci, amma ba wanda ya san hatsarin da suka taɓa gani, saboda haka a duba su. Akwai tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suka daɗe suna amfani da ita, wadda ba ta fi ƙarfin kowane gareji ba: a wanke ƙarfen, a jiƙa shi da kananzir, a goge shi ya bushe, a shafa masa garin alli, inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi a kan allin.

Na shida: sitiyari mai amfani da mai

Pawa-sitiyari, wanda ya fara shiga motocin hawa na kasuwa da Chrysler a 1951, yana amfani da famfo da inji ke juyawa domin taimaka wa hannun direba. Manyan tayoyi a cikin laka suna wahalar da famfon, man ya yi zafi, zafin Maris da Afrilu na garin nan kuma ya ƙara masa, don haka ƙara ɗan lagireto na sanyaya mai gyara ne mai amfani. Amma ɗauko tsarin tarakta, inda babu ƙarfen da ya haɗa sitiyari da taya sai bututun mai kawai, a sa wa motar da za ta hau titin Tamale zuwa Bolgatanga, wannan bai dace ba. Tsarin an yi shi ne domin tafiyar gona. Yawancinsa ba ya dawowa tsakiya da kansa, ba ya sanar da direba halin da taya ke ciki, idan kuma bututu ya fashe, juyi ya ƙare.

Na bakwai: abin da ya kamata a yi

Awon da ake bukata bai fi ƙarfin gareji ba. Kafin a kwance komai, a auna tsayin mota, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba ta gabansu da ta bayansu, da kasta, da gangaren sandar ja da na sandar Panhard, a rubuta a littafi. Igiya da tef da ma'aunin kusurwa, wanda yanzu har a wayar hannu akwai shi, sun isa a fara. Bayan aiki a sake aunawa, a ɗaga shasi a bar aksul ya sauka iyakarsa, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga ko wata gaɓa ta ƙure ko bututun birki ya miƙe, sannan a danne gaban motar a ga ko sitiyari yana motsi da kansa. A gwada ta a hankali kafin a gwada ta da gudu, babu kaya sannan da kaya, a kuma sa mai ita ya dawo da ita bayan 'yan kwanaki a sake ɗaure ƙusoshi. A ba shi takarda mai nuna abin da aka canja da motar da aka ciro shi, domin makaniken da zai gyara ta gobe a Yendi ko Walewale ya san abin da zai nema.

Hukumomi ma suna da nasu rabo. Hukumar DVLA, da aka kafa da dokar 1999, ita ke gwajin lafiyar mota, sai dai gwajin da aka tsara domin motar da ta fito daga kamfani yana da wuya ya gano kastar da ta ɓace ko waldar da aka shafe da fenti. Mai wannan lacca yana da ra'ayin cewa motar da aka sauya wa sitiyari ta cancanci gwaji na dabam, bisa ƙa'idar da DVLA da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana za su rubuta tare da ƙungiyoyin makanikai, domin ƙa'idar da aka rubuta babu masu aikin ba ta cika isa gareji ba. Jami'ar Fasaha ta Tamale da cibiyar GRATIS suna da malamai da kayan awo, mastoci kuma suna da motocin da hannun, kuma gajeren horo na yamma da zai haɗa ɓangarorin biyu abu ne da za a iya farawa ba tare da jiran Accra ba.

Kalma ta ƙarshe a wannan sashe ta alhazai masu motoci ce. Sau da yawa makanike ya san daidai, mai mota ne ke cewa kayan ainihi sun yi tsada, a yi dabara motar ta fita yau domin gobe kasuwa ce. Masta da ya ƙi yi wa hannun akwati walda yana rasa ciniki, na kusa da shi ya karɓa. Har sai masu motoci sun yarda su biya kuɗin awo da na ƙarin yini ɗaya, kuma mastoci sun haɗa baki a kan ayyukan da babu garejin da zai karɓa, mai gaskiya ne zai ci gaba da asara a tsakaninsu.

 Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a sana'a. Yanzu fili a buɗe yake ga duk mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman mastocin da suka daɗe suna wannan aiki da direbobin da ke bin hanyoyin da aka ambata.